Fulawa, Muƙami da Bulala: Yadda Aka Tafiyar da Rundunar Sojan Amurka ta Farko

Idan malamin tarihi ya zo kan labarin yaƙi, abin da ɗalibai suka fi riƙewa shi ne sunan jarumi, da ranar da aka gwabza, da wanda ya yi galaba. Ba safai ake tambayar wanda ya toya burodin da soja ya karya kumallo da shi ba, ko wanda ya ƙirga takalman da aka raba, ko wanda ya nuna inda za a haƙa masai. Alhali kuwa kwanakin da soja yake yi a fagen fama ba su taka kara sun karya ba in aka gwada su da waɗanda yake yi a sansani yana jiran abinci da albashi da umurni. Wannan maƙala za ta duba waɗannan kwanaki na zaman sansani ta hanyar misali guda, wato rundunar farko ta ƙasar Amurka, wadda ta yi yaƙin neman 'yancin kai da Ingila daga 1775 zuwa 1783. An zaɓe ta ne saboda wasiƙun shugabanta da bayanan zaman majalisar da ta kafa ta suna nan an adana su.

Runduna ba baitulmali

A ranar 14 ga Yuni, 1775, wakilan yankunan da Ingila ke mulka a gaɓar gabashin Amurka ta Arewa, waɗanda daga baya suka zama jihohi 13, suka amince a birnin Filadelfiya su ɗauki nauyin dakarun sa-kai da suka yi wa sojan Ingila ƙawanya a Boston. Kashegari suka naɗa Joj Washinton babban kwamanda. Ya kamata mai karatu ya riƙe abu ɗaya tun daga nan: wannan Majalisa ba ta da ikon ɗora wa kowa haraji. Iyakarta ta roƙi jihohi, ta ci bashi, ko ta buga takardun kuɗi. Kusan duk wahalar da za mu gani a gaba daga nan ta samo tushe.

Washinton ya karɓi ragamar rundunar a farkon Yuli. Abin da ya fara nema shi ne yawan mutanen da yake da su. Ya rubuta wa wani abokinsa yana kukan cewa ƙidayar da runduna mai tsari za ta gama cikin sa'a guda ta ci masa kwana takwas. A farkon Agusta kuma sai ga wadda ta fi wannan muni. An shaida masa akwai albarushi fiye da ganga 300 a sito, amma da aka je aka duba sai aka tarar bai kai ganga 100 ba, wato abin da zai ishi kowane soja harbi kamar tara. Ba sata aka yi ba. Masu lissafin sun rubuta duk abin da aka taɓa tarawa ne, ba su cire wanda aka riga aka harba ba. Da Ingilishi sun san da haka sun fito, da wataƙila labarin ya ƙare a nan. Tun daga lokacin Washinton ya matsa wa hafsoshinsa su riƙa kawo rahoto a kai a kai: mutum nawa ke da lafiya, nawa ke kwance, nawa suka gudu, bindiga nawa ta rage.

Lissafin ciki

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. A Nuwamba 1775 Majalisa ta ƙayyade kason abincin kowane soja. A rana yana da laba ɗaya ta naman shanu ko ta kifi mai gishiri, ko kashi uku cikin huɗu na laba in naman alade ne, da laba ɗaya ta burodi ko fulawa, da madara; a mako kuma yana da wake da shinkafa ko garin masara. Akwai sabulu da kyandir da ake bai wa kowane mutum 100. A takarda kam abinci ne na ƙoshi.

To, bari mu yi ɗan lissafi. Laba ɗaya giram 454 ce. Runduna mai mutum 12,000 tana bukatar laba 12,000 ta fulawa kullum, wato kimanin tan biyar da rabi, da nama kwatankwacin haka. In muka ɗauka sa guda zai ba da laba 400 ta nama, shanu 30 ke nan za a yanka kowace rana, 900 a wata. Mu kuma ɗauka keken doki mai dawakai huɗu yana ɗaukar tan ɗaya. Fulawa kaɗai tana bukatar keke shida ya iso sansani kullum. Idan tsakanin sito da sansani tafiyar kwana biyar ce, zuwa da dawowa kwana goma, dole a sami keke 60 da dawakai 240 a kan hanya ba dare ba rana. Doki mai aikin ja yana cin wajen kilo 9 na harawa da hatsi a rana, saboda haka waɗannan dawakai su kaɗai za su cinye fiye da tan biyu kullum, kuma shi ma wannan abincin sai an ɗauko shi. Mai karatu zai lura cewa duk sa'ad da aka ƙara nisan hanya, masu dakon abinci suna ƙara cinye abin da suke dako. Wannan matsala ta addabi kowace runduna ta ƙasa har zuwa lokacin da jirgin ƙasa ya zo.

Sai gishiri. A zamanin da babu firji, nama ba ya ajiyuwa sai an busar da shi, kamar yadda ake wa kilishi, ko an jiƙa shi cikin ruwan gishiri a ganga. Gishiri yana zuƙe ruwan jikin nama da na ƙananan halittun da ke ruɓar da shi, sai su kasa hayayyafa. Yawancin gishirin Amurka a lokacin daga ƙetare ake kawo shi, jiragen yaƙin Ingila kuwa sun tare hanya. Wasu matuƙa keken kuma, don su rage wa dawakansu nauyi, sukan tsiyaye ruwan gishirin daga ganga, sai naman ya iso a lalace.

Akwai wani mai gidan burodi na Filadelfiya, haifaffen Jamus, mai suna Christopher Ludwick, wanda Majalisa ta ɗora kan masu toya wa soja burodi a 1777. An nemi ya riƙa ba da laba 100 ta burodi a kan kowace laba 100 ta fulawa. An ruwaito cewa shi da kansa ya ce a'a, laba 135 zai bayar, domin ruwan da ake kwaɓa fulawa da shi yana ƙara wa burodi nauyi. Waɗanda suka gabace shi wannan rarar suke sa wa a aljihu, 'yan Majalisa kuwa ba su san kimiyyar ƙulli ba.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Shekarun farko abinci bai yi ƙamfa sosai ba, domin Joseph Trumbull, wanda aka ba aikin sayen abinci, ɗan kasuwa ne da ya san manoman yankinsa. A tsakiyar 1777 sai Majalisa ta sake tsarin ofishinsa. Ta raba shi gida biyu, masu saye daban, masu rabawa daban, ta kuma riƙe wa kanta ikon naɗa mataimakansa. Niyyar ita ce a toshe almundahana, amma Trumbull ya ga ba zai iya aiki da mutanen da ba shi da ikon kora ba, sai ya ajiye aiki. Kafin ƙarshen shekarar Thomas Mifflin, mai kula da sufuri da tantuna da kayan aiki, shi ma ya sauka, aka yi watanni kujerarsa ba kowa.

A cikin wannan hali ne, bayan Ingilishi sun kama Filadelfiya a Satumba, rundunar mai mutum kimanin 12,000 ta shiga Valley Forge ranar 19 ga Disamba, 1777, don yin hunturu. Wurin yana da nisan wajen kilomita 30 daga birnin. Bayan kwana huɗu Washinton ya rubuta wa Majalisa cewa mutum 2,898 ba za su iya fita aiki ba saboda ba su da takalma ko tufafi, kuma in ba a yi wani abu ba rundunar za ta mutu da yunwa ko ta watse. Sojoji suka koma kwaɓa fulawa da ruwa suna gasawa a kan dutse. Dawakai ɗaruruwa suka mutu, aka rasa na ɗauko abincin da zai ceci sauran.

Abin lura shi ne ba fari aka yi ba. Jihar Pensilbaniya na cikin wuraren da suka fi albarkar noma a ƙasar. Hatsi na nan a rumbuna, shanu na nan a garke. Amma manomi yana da zaɓi biyu: ya kai Filadelfiya Ingilishi su biya shi da zinariya da azurfa, ko ya kai Valley Forge a ba shi takardar kuɗin Majalisa, wadda darajarta ke zubewa kullum, ko ma takardar alkawarin biya. Haka nan ladan da Majalisa ta yanke wa masu keke bai kai abin da 'yan kasuwa ke biya ba. Da wuya a ga laifin manomin. Kafin ƙarshen 1779 Majalisa ta buga takardun kuɗi na kimanin dala miliyan 241 ba tare da wata dukiya a bayansu ba, kuma a Maris 1780 ita da bakinta ta yarda cewa dala 40 ta takarda ce daidai da dala ɗaya ta azurfa.

Sauƙi ya fara samuwa a Maris 1778, da aka naɗa Janar Nathanael Greene kan harkar sufuri. Bai so aikin ba, don a ganinsa ba a yin suna da shi. Ya sa sharaɗin shi zai zaɓi mataimakansa, aka kuma yarda a ba su kamasho na kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin da suka kashe. Ya gyara hanyoyi da gadoji, ya kafa rumbunan harawa a kan hanyoyin da rundunar za ta bi. Kamashon nan ya jawo masa zargi, domin kuwa wanda ladansa ke ƙaruwa da yawan kashe kuɗi ba shi da dalilin tsimi, kuma ya bar aikin a 1780 bayan saɓani da Majalisa. Daga nan aka gwada roƙon kowace jiha ta kawo kaya maimakon kuɗi, abin bai yi kyau ba, don kayan kan taru a inda ba a bukatarsu. A 1781 Robert Morris, wanda aka ɗora kan harkar kuɗi, ya koma ba da kwangilar ciyar da soja.

Cutar da ta fi harsashi

Mutum tsakanin 1,700 da 2,000 suka mutu a Valley Forge ba tare da an yi wani babban yaƙi ba. Yawancinsu ba a tsakiyar sanyi suka mutu ba, sai bayan gari ya fara ɗumi, kuma cuta ce ta kashe su: atuni da zazzaɓin taifot, masu bin ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata, da wani zazzaɓi da ƙwarƙwata ke yaɗawa, da ciwon huhu. Mutum 12 ke kwana a bukkar katako mai ƙafa 14 a faɗi, 16 a tsawo. Likitocin lokacin ba su san ƙwayoyin cuta ba, sun ɗauka wari ne ke kawo ciwo. Dalilin nasu kuskure ne, amma umurnin da ya haifar, na a binne mushe a rufe masai da ƙasa, daidai ne.

Inda aka yi dabara tun da wuri shi ne kan cutar agana. Ita ce ta karya rundunar da aka tura Kanada a 1775 zuwa 1776, har ta kashe kwamandanta, Janar John Thomas. A Fabrairu 1777 Washinton, wanda shi kansa ya yi agana yana saurayi, ya ba da umurnin a yi wa sojojin da ba su taɓa yi ba lamba irin ta da. Akan ɗan tsaga fatar mai lafiya a shafa ruwan ƙurjin mai ciwo, sai ya yi ciwon sama-sama ya warke, ba ya sake kamuwa. Aganar da ta kama mutum da kanta takan kashe wajen mutum 30 cikin 100, ta tsaga kuwa 1 ko 2. Haɗarin shi ne wanda aka yi wa yana kwanciya makonni, kuma yana iya harbin wasu, shi ya sa aka yi aikin rukuni-rukuni, a asirce. Wannan ya riga rigakafin Edward Jenner na 1796 da shekara 19. Mutanen Boston kuwa sun fara jin labarin dabarar ne daga bakin wani bawa ɗan Afirka da ake kira Onesimus, wanda aka yi wa ita a ƙasarsu, aka kuma gwada ta a annobar 1721.

Wa zai zama janar?

Rabon muƙami bai fi rabon abinci sauƙi ba. A jihohin arewa maso gabas sojojin sa-kai su ke zaɓen hafsoshinsu, saboda haka kyaftin ba ya son ɓata wa waɗanda suka zaɓe shi, maƙwabtansa ne a gida. Babu ma kaki da za a gane babba da shi, sai da Washinton ya sa hafsoshi su riƙa ɗaura ƙyallaye masu launi dabam-dabam. Cikin makonninsa na farko ya sa an tuɓe wani kanar da kyaftin biyu saboda ragwanci a fagen fama, da wasu kyaftin biyu saboda suna karɓar albashi da abincin mutanen da ba su da su. Ashe sojan bogi tsohon abu ne.

Tsarin da aka zauna a kai shi ne Majalisa ta naɗa janar-janar, jihohi su naɗa daga kanar zuwa ƙasa. Babban kwamanda shawara kawai yake bayarwa. An yi haka da gangan, domin 'yan Majalisa sun karanta tarihin Ingila, sun san yadda Oliver Cromwell ya yi amfani da soja ya kori majalisa. A Fabrairu 1777 suka ce za a riƙa duba abu uku wajen ƙarin girma: daɗewa a muƙami, da cancanta, da yawan sojan da jihar mutum ta bayar. Waɗannan ukun kuwa ba kullum suke nuna mutum ɗaya ba. A wannan watan aka ɗaga mutum biyar zuwa manjo-janar aka tsallake Benedict Arnold, wanda ya girme su duka a muƙami kuma ba a shakkar jaruntakarsa, saboda jiharsa ta Connecticut ta riga ta sami manjo-janar biyu. An gyara masa daga baya, amma tabon bai goge ba. Ga shi kuma da rigingimun kuɗi da suka kai shi gaban kotun soja. A 1780 ya shirya sayar wa Ingilishi sansanin West Point, asiri ya tonu ya gudu wurinsu. Tsallake shi da aka yi ba hujja ba ce ta cin amana, amma yana cikin abin da ya share mata hanya.

Sai kuma baƙi. Wakilin Amurka a Faris, Silas Deane, ya yi ta yi wa hafsoshin Turai alkawarin manyan muƙamai. Da ɗaya daga cikinsu ya iso a 1777 da takardar zama shugaban rundunar igwa, janar uku, ciki har da Greene, suka yi barazanar ajiye aiki. Duk da haka a cikin baƙin nan aka sami Lafayette na Faransa, wanda ya zama manjo-janar yana ɗan shekara 19 bisa sharaɗin ba ya karɓar albashi, da kuma mutumin da za mu gani yanzu.

Horo da hukunci

Dokar soja ta farko, ta Yuni 1775, ta tsayar da bulala a kan 39. Washinton da babban lauyan rundunar suka ce wannan ba ya tsorata kowa, sai a Satumba 1776 aka sake doka bisa samfurin ta Ingila, aka kai bulala 100, aka ƙara laifuffukan da hukuncinsu kisa ne. Daga baya Washinton ya nemi a kai 500, yana cewa babu wani hukunci tsakanin bulala 100 da rataya. Majalisa ta ƙi, kuma a nan ita ke da gaskiya. A wannan watan na Satumba aka kuma gyara wata babbar ɓaraka. Da farko shekara guda ake ɗaukar soja, wato da ya fara sanin aiki sai ya tafi gida. Aka koma ɗauka har ƙarshen yaƙi, da tukuicin dala 20 da alkawarin fili eka 100, sannan aka ƙara zaɓin shekara uku.

Amma bulala ba ta koya wa mutum fareti. A ranar 23 ga Fabrairu, 1778, Friedrich von Steuben ya iso Valley Forge. Kyaftin ne a da a rundunar Furusiya, ta ƙasar Jamus, ko da yake waɗanda suka turo shi sun gabatar da shi a matsayin laftana-janar. Ba ya jin Ingilishi sosai. Da dare yakan rubuta darasi da Faransanci a fassara, da safe ya koya wa wani rukuni na mutum kamar 100 da kansa, su kuma su watsu su koya wa sauran. Ya rage matakan ɗura bindiga, ya daidaita takun tafiya, ya koya musu amfani da banati. Ya lura cewa sojan Turai umurni kawai ake ba shi, na Amurka kuwa sai an gaya masa dalili kafin ya yi. Ya tsara sansani ta yadda madafa ke gefe guda, masai a ɗaya gefen ta gangare. Abin da ba a cika ambata ba shi ne binciken kaya da ya kafa, inda kowane hafsa zai kawo mutanensa a ƙirga su, a ga bindiga da bargon kowa, abin da ya ɓace a biya. A Yuni 1778 rundunar ta tsaya wa Ingilishi ƙafa da ƙafa a Monmouth. Littafin ƙa'idojinsa, wanda Majalisa ta amince da shi a Maris 1779, an yi aiki da shi har wajen 1812. Hunturun 1779 zuwa 1780 a Morristown ya fi na Valley Forge tsanani nesa ba kusa ba, yunwa ma ta dawo, amma waɗanda suka mutu ba su kai ko kusa ba.

Horo yana da iyaka in ciki ba komai. Ranar 1 ga Janairu, 1781, sojojin Pensilbaniya suka yi bore saboda bashin albashi da gardama kan ko shekara ukunsu ta cika. Sajansu ne suka jagorance su cikin tsari, har suka kama manzanni biyu da Ingilishi suka aiko musu suka miƙa. Aka sasanta, aka sallami fiye da mutum 1,000. Da sojojin New Jersey suka kwaikwaye su a wannan watan, su kuwa ba su da yawa, sai aka kewaye su, aka sa abokan borensu suka harbe shugabanninsu biyu. Laifi ɗaya, hukunci biyu, bambancin kawai yawan masu laifin.

Hafsoshi ma sun kusa yin nasu. A 1780 an yi musu alkawarin rabin albashi har mutuwa, amma babu kuɗin biya. A Maris 1783, a sansanin Newburgh, aka baza takardun da ke zuga su su ƙi ajiye makamai. Washinton ya je taronsu ranar 15 ga wata ya lallashe su, Majalisa kuma ta mayar da alkawarin cikakken albashin shekara biyar, a takardun bashi. Kurata suka koma gida da takardun alkawari, da yawa suka sayar da su da araha don kuɗin hanya. Washinton, wanda tun farko ya ce ba ya son albashi sai abin da ya kashe, ya miƙa littafin lissafinsa ga baitulmali, ya mayar wa Majalisa takardar naɗinsa ranar 23 ga Disamba, 1783. A ranar 2 ga Yuni, 1784, Majalisa ta sallami sauran rundunar, ta bar kurata 80 da 'yan hafsoshi kaɗan, 55 a West Point, 25 a Fort Pitt, aikinsu gadin sito.